Kukuo Biyu da Fim Ɗin Minti Goma

Duk wanda ya sauka Tamale, babban birnin arewacin Gana, ya kama hanyar da ta nufi Salaga, hanyar nan da sunanta kaɗai ya isa ya tuna wa Bahaushe da fataken goro da malaman da suka bi sawunsu, ba zai yi nisa ba sai ya riski babban asibitin koyarwa wanda aka buɗe a 1974, a nan kusa da shi kuma akwai wata unguwa da ake kira Kukuo, inda mata suka daɗe suna ginin tukwane, inda kuma makarantar sakandaren nan take wadda aka fi sani da Ghanasco. An kafa makarantar a 1960, zamanin mulkin Kwame Nkrumah, kuma cikin waɗanda suka zauna a azuzuwanta har da John Dramani Mahama, wanda Allah ya ba shugabancin ƙasar sau biyu, da Abedi Pele, gwanin ƙwallon da babu mai bukatar a gabatar masa da shi.

Amma akwai Kukuo ta biyu, can ƙasar Nanumba ta wajen Bimbila, wadda ba ilmi ya fito da sunanta ba. Ita wannan tana cikin 'yan ƙauyukan arewacin Gana, irin su Gambaga da Gnani da Kpatinga, inda matan da aka jefa da zargin maita suke gudu su fake, galibinsu tsofaffi waɗanda mazansu suka riga mu gidan gaskiya, wasunsu kuma a can za su zauna har ajali ya cim musu. Na haɗa sunayen nan biyu ne da gangan, domin maganar da ke gabanmu ita ce ta ɗalibai masu niyyar shirya gajeren fim na irin wanda ke tsinka zuciya, kuma a ganina ɗalibin da ke zaune a Kukuo ta farko, in ya san abin da yake nema, ba shi da bukatar ya ɗauko tsoro aro daga Amurka ko Indiya, tun da asalin abin yana nan kwance a cikin labarin takwarar unguwarsu.

Wajibi ne mu fara da fayyace irin fim ɗin, gama mutane da yawa suna cakuɗa shi da fim ɗin dodanni. Shi fim ɗin dodanni yakan fito maka da abin tsoron ne a fili, da haƙora da farce da jini, ka firgita, sa'an nan ka yi dariyar kanka. Wannan kuwa da muke magana a kansa, wanda ni zan kira fim ɗin waswasi, yakan shigar da kai cikin ƙirjin wani mutum guda ne, ya bar ka a can kana gani da idonsa, kana ji da kunnensa, alhali kai da shi duka ba ku da yaƙini a kan ko abin da kuke gani haka yake. Malamanmu na fiƙihu sun riga masu silima sanin wannan mutum, har sun ba shi suna: mustankihi, watau wanda kokwanto ya aure shi, kullum in ya tsaya salla ba ya sanin raka'a uku ya yi ko huɗu, suka kuma yi masa hukunci na daban saboda tausayin halinsa. Imamu Gazali ma, a cikin Ihya'u, ya keɓe littafi sukutum a kan al'ajuban zuciya, yana bin sawun yadda tunani ke faɗowa a rai kamar baƙo, ya zauna ya zama sha'awa, ya ƙarfafa ya zama niyya, har ya fito ya zama aiki. Ɗalibin da ya fahimci wannan jeri ya riga ya sami ƙashin bayan labarinsa, ko da bai taɓa riƙe kyamara ba.

Sana'ar fim ba baƙuwa ba ce a Gana. Tun 1948 Turawan mulki suka kafa sashen shirya fim na Gwalkwas, watau Gana ta wancan zamani, wanda ya fitar da The Boy Kumasenu a 1952, motocin majigi kuma suna zaga garuruwa da fina-finan gargaɗi. A 1978 aka buɗe makarantar koyon fim da talabijin ta ƙasa, NAFTI, a babban birnin ƙasar, wanda Hausawan can suke ce wa Ankara, tazarar kilomita wajen 600 daga Tamale, abin da ke nufin ɗan arewa mai son wannan ilmi sai ya yi ƙaura. Abin da ya sauko da sana'ar zuwa hannun talaka shi ne kaset ɗin bidiyo, sa'ad da William Akuffo ya fitar da Zinabu a 1987, ba da daɗewa ba kuma 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka yi Turmin Danya a Kano a 1990, daga baya Dagombawa su ma suka tashi da nasu fina-finan cikin harshen Dagbani. Sai dai abin lura a nan shi ne, Zinabu labarin mayya ne, kuma tun daga wannan lokaci fina-finan bidiyo na Gana da na Nijeriya suka saba da nuna maita a matsayin tabbataccen abu: ga tsohuwa ta rikiɗa, ga ido yana fid da wuta, ga kurwa a cikin tulu. Mai kallo ba a bar masa wurin tambaya ba. Yaron da ya tashi yana kallon wannan, ranar da aka nuna masa wata tsohuwa a unguwa aka ce ita ce, ai ya riga ya ga hujja a talabijin.

To, yanzu mu ƙaddara ɗalibai biyar ne a Kukuo, maza uku mata biyu, sun sami hutun ƙarshen zango, jarinsu kuwa wayar hannu mai kyamara guda biyu, da kwamfuta ta aro, da abin da suka tara daga kuɗin kashewa. Kada wani ya raina wannan jari. A 2018 wani babban darakta na Amurka, Steven Soderbergh, ya fitar da cikakken fim ɗin waswasi mai suna Unsane wanda da wayar iPhone aka ɗauke shi, a shekarar da ta biyo kuma duniya ta ji labarin wasu samari na Kaduna, masu kiran kansu The Critics, waɗanda da waya mai fasasshen gilashi suke shirya gajerun fina-finai har manyan masu sana'ar suka aiko musu da kayan aiki. Matsalar ɗalibanmu ta farko ba ta na'ura ba ce. Za su zauna ƙarƙashin darbejiya kowa ya zo da nasa labari, wannan yana son fatalwa, wancan yana son mai kisa da abin rufe fuska, kuma in ba su yi sa'ar samun mai hankali guda a cikinsu ba, wanda zai tambaye su abin da ya taɓa hana su barci su da kansu, to, kwafin fim ɗin wasu za su yi.

Ga irin labarin da nake ganin ya dace da su. Wata ɗaliba ta dawo gida hutu ta tarar ƙanenta yana kwance da zazzaɓi mai zafi, cikin dare kuma, yana sambatu, sai ya ce ya ga Kaka a mafarki tana kiransa. Kakar nan kishiyar kakarsu ce, ba ta taɓa haihuwa ba, ita ce kuma ta goyi ɗalibar a bayanta tana jaririya. Ba wanda ya ji maganar yaron sai ɗalibar kaɗai. Daga nan har ƙarshen fim ɗin ba abin da zai faru wanda ba ya faruwa a kowane gida kowace rana: tsohuwa ta tashi da asuba ta kama ruwa, tsohuwa ta leƙo ɗaki ta tambayi jikin yaro, tsohuwa ta kawo koko a ƙwarya ta ce a ba shi. Abin da ke sauyawa shi ne idon yarinyar. Na zaɓi mafarki ne domin haka abin yake faruwa a zahiri, gama masu binciken waɗannan ƙauyuka sun sha bayyana cewa zargi yakan faro ne daga mafarkin majinyaci ko mutuwar fuju'a, sa'an nan a kai matar gaban mai tsafin gari, a yanka kaza, a duba yadda ta faɗi, a ce an gane gaskiya. Mu ma a ƙasar Hausa mun san yadda ake cewa an kama kurwar wane, a tilasta wa wadda ake zargi ta zo ta tsallaka shi.

Masu sana'ar suna da ƙiyasin cewa shafi guda na rubutun fim yakan ba da kimanin minti guda, saboda haka fim ɗin minti goma shafi goma ne, kuma duk abin da ya wuce gida ɗaya da mutum huɗu ya fi ƙarfin aljihunsu. Wannan ƙunci kuwa rahama ne a gare su. Alfred Hitchcock, Baturen Ingila wanda ake ɗauka shi ne shehin wannan fanni, ya shirya Rear Window a 1954 a kan mutum guda mai karyayyiyar ƙafa, wanda ke zaune bakin taga yana leƙen maƙwabta har zato ya kama shi cewa ɗayansu ya kashe matarsa, kuma kusan duk fim ɗin daga ɗaki ɗaya ake kallonsa. Shi ne kuma ya yi misalin nan sananne na mutane biyu masu hira alhali akwai bom ƙarƙashin teburinsu: in ya tashi ba zato, mai kallo ya firgita na ɗan lokaci kaɗan, amma in an nuna masa shi tun farko, kowace kalmar banza da suka faɗa sai ta zame masa azaba. A labarinmu, bom ɗin shi ne maganar yaron. Mai kallo ya ji ta, ya kuma san abin da zai auku ranar da ta fita daga bakin yarinyar ta shiga kunnen uwarta.

Bari mu matsa kusa mu dubi fitowa guda, domin a nan ne ake gane ko ɗalibai sun iya. Hantsi ne, tsakar gida. Tsohuwa tana zaune kan tabarma, ta ɗora wata 'yar tukunya ɗanya a cinyarta tana shafe bakinta da jiƙaƙƙen tsumma, kamar yadda maginan Kukuo suke yi. Yarinya tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, rabin fuskarta a inuwa. Tsohuwa, ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce, "Uwar ɗakina, ya sha kokon kuwa?" Yarinya ta ce, "Ya sha, Kaka." Sai kyamara ta sauka a hankali zuwa bayan ƙofa, inda ƙwaryar take cike, ƙudaje suna binta. Iyakar maganar ke nan, amma mai kallo ya gane an yi ƙarya ta farko a gidan, kuma wadda ta yi ta ita ce mai ilmin boko da na allo. Daga nan sai a ɗauki fuskar tsohuwar ita kaɗai, ba murmushi ba fushi, a ajiye hoton, domin za a yi amfani da shi fiye da sau ɗaya. Wani malamin fim na Rasha, Lev Kuleshov, ya gwada tun wajen shekara ɗari da suka wuce cewa in ka jera fuska guda ɗaya da hotuna dabam-dabam, masu kallo za su rantse sun ga yunwa a wannan, baƙin ciki a wancan, alhali fuskar ba ta motsa ba. A jera fuskar Kaka da hoton yaro yana barci, za a ga ƙauna. A jera ta da hoton yaro yana rawar ɗari, za a ga mugunta. Ban san wata hanya da ta fi wannan nuna wa mutum yadda zato yake aiki a cikin ƙirjinsa ba, zaton nan da Suratul Hujurati ta yi mana kashedi da yawaita shi.

Sauran aikin wahala ne na jiki, kuma ba sai na tsawaita ba. Tamale garin babura ne, ga injin niƙa, ga zabi masu kwarmato, saboda haka wayar ta biyu aikinta ɗaukar sauti ne kaɗai, a ɓoye ta kusa da bakin mai magana, a tafa hannu sau ɗaya a farkon kowace ɗauka domin a sami wurin daidaita murya da hoto a kwamfuta. Hasken hunturu, sa'ad da hazo ya tace rana, ya fi na tsakiyar bazara taushi a fuska. Fitowar dare kuwa fitilar hannu guda da farin zane na mayar da haske sun isa, da sharaɗin a yi cajin kome tun da rana. Kuma a tsara aiki bisa lokutan salla, gama ladanan Tamale ba za su jira darakta ba. Game da harshe, in gidan na Dagombawa ne a yi da Dagbani, in na zango ne a yi da Hausar zango yadda take, a sa fassara a ƙasa; Turancin aji ba shi da wuri a bakin tsohuwa mai ginin tukwane.

Akwai dai wani al'amari guda wanda littattafan koyon fim na Turai ba su san da shi ba, shi ne kuwa ya fi kome nauyi a nan: wa za ta fito a matsayin Kaka? Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da aka shafa wa toka a gashi ba za ta ruɗi kowa ba, dole sai tsohuwa ta gaske. Amma tsohuwar da ta yarda ta fito a fim ana zarginta da maita, a garin da ake ɗaukar wannan zargi da gaske, ta ɗora wa kanta abin da ɗaliban ba za su iya sauke mata ba in hutu ya ƙare sun koma makaranta. Wani zai yanko minti guda daga fim ɗin ya watsa a WhatsApp ba tare da farko ko ƙarshe ba, yaran unguwa su laƙa mata suna, wata rana kuma wani ya yi mafarki. Wannan ba tsoro ne na ƙaƙale ba. A watan Yuli na 2020, a Kafaba da ke kusa da Salaga, aka yi wa wata tsohuwa mai kimanin shekara 90 dukan da ya zama ajalinta bisa zargin maita, da rana tsaka, mutane na tsaye, kuma da wayar hannu aka ɗauki hoton da ya zaga duniya, irin wayar nan da ɗalibanmu za su yi aiki da ita. Saboda haka kafin a kunna kyamara sai an je an durƙusa gaban maigida da 'ya'yan tsohuwar, an karanta musu labarin daga farko har ƙarshe cikin harshen da suke ji, an kuma sanar da limami da mai unguwa. In da hali, a samo wadda ta saba fitowa a fina-finan Dagbani, wadda kowa ya san sana'arta ke nan.

Haka nan ita yarinyar, wadda rashin barci da waswasi za su kai ta ga jin motsin da babu shi, kada a mai da ita abin dariya ko dodo. Asibitocin mahaukata na gwamnati guda uku ne a Gana, na Ankara da na Pantang da na Ankaful, dukansu a kudu, ko da yake dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta nufi a kusanto da magani ga jama'a. Mutanen Tamale kuwa ba su manta da Dakta David Abdulai ba, wanda ya kafa asibitin Shekhinah na kyauta, ya shekara da shekaru yana aika abinci ga masu taɓin hankali da ke kwana a titunan garin, har ya rasu a 2016. Garin da ya ga irin wannan mutum bai kamata 'ya'yansa su fitar da fim mai koya wa yara jifan majinyaci ba. Asibitin koyarwa yana nan kusa da su; sa'a guda tare da ma'aikacin jinya na sashen masu taɓin hankali za ta gyara musu kurakuran da wata guda na tunani ba zai gyara ba.

Ba su ne za su fara taka wannan hanya ba, kuma yana da kyau su kalli na gaba da su. A 1989 Idrissa Ouédraogo na Burkina Faso, maƙwabciyarsu ta arewa, ya fitar da Yaaba, labarin yaron da ya ƙulla abota da tsohuwar da ƙauye ya kora da sunan mayya. Yaba Badoe ta shirya fim ɗin gaskiya a kan matan Gambaga, inda suka faɗi labarinsu da bakinsu. Rungano Nyoni, haifaffiyar Zambiya, sai da ta zo ta zauna a ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka na Gana kafin ta fitar da I Am Not a Witch a 2017. Abin da babu a cikin waɗannan, wanda kuma ɗaliban Kukuo suka fi kowa cancantar kawowa, shi ne kallon al'amarin daga cikin zuciyar mai zargin, wadda ba muguwa ba ce, 'yar gida ce mai son ƙanenta.

Gardama mafi zafi za ta tashi ne a gaban kwamfuta, ranar yanke ƙarshe. Wani zai ce a nuna likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, yaro ya warke, kowa ya nemi gafara. Wani zai ce a bar mai kallo cikin duhu, la'alla mayyar ce, gama haka ake yi a fina-finan waje. Na farko wa'azi ne, kuma masu kallo sun gaji da shi. Na biyu kuwa, a wannan ƙasa da wannan lokaci, ganganci ne da ran mutane. In da za su shawarce ni, sai in ce a ƙare da yaro ya tashi ya nemi abinci, yarinya ta fito da gudu da albishir, ta tarar tabarma a naɗe, tukunyar nan ba a gama ta ba ta bushe ta tsage, domin yarinyar ta riga ta faɗa wa uwarta maganar tun daren jiya.

A watan Yuli na 2023 babbar kotun Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowace saboda kisan Kafaba, a cikin watan kuma majalisar dokokin Gana ta zartar da ƙudurin haramta zargin maita, amma shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, bai sa masa hannu ba. Ina roƙon shugabannin makarantun Tamale, da malaman da ke kula da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, in ɗalibai sun zo musu da irin wannan niyya, su ara musu aji guda da farin bango na dare ɗaya, su gayyato iyaye da limamai da masu unguwa, kuma a zaunar da tsohuwar da ta fito a fim ɗin a sahun gaba, a kira ta ta miƙe a gaishe ta kafin a kashe fitila.